Tambaya da Amsa: Zaure Ya Cika Maƙil, Aiki Ya Ƙi Gaba

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan wata a kan zaurukan WhatsApp da gangamin intanet suka zo. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Mutum 700, rijiya ɗaya ta gagara

*Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. Zaurenmu na WhatsApp ya haura mutum 700, har da 'yan garin da ke Legas da Kumasi da Saudiyya. Shekara biyu ke nan muna maganar gyaran rijiyar burtsatse ta makarantar firamare, har yau shiru. Kullum sai barka da Juma'a da musun siyasa. Ina matsalar take?*
*Sakatare, jihar Katsina*

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Yawan nan da kuke alfahari da shi, shi ne ya danne aikin. WhatsApp ya yarda zaure ɗaya ya ɗauki mutum 1,024, amma wannan adadi na masu sauraron sanarwa ne. Taro mai yawa haka ba ya yanke shawara. Wanda ya kunna data bayan Isha'i ya tarar da saƙo 400 ba karantawa zai yi ba, dannawa zai yi ya sauka can ƙasa. Maganar rijiyar da ka rubuta da hantsi tana tsakiya, tsakanin hoton fure mai barka da safiya da bidiyon wani ɗan takara. Wanda ma ya ci karo da ita zai ce a ransa, cikin wannan jama'a ai wani zai yi.

Kada ku hana gaisuwa da raha, don su suka riƙe mutane a zauren tun farko. Ku raba wa kowace magana wurinta. Zauren da kuke da shi yanzu ya zauna a matsayin na hira. Ku buɗe na biyu na sanarwa, a saita shi yadda admin kaɗai ke iya turawa, kuma kada sanarwa ta wuce biyu ko uku a mako, in ba haka ba shi ma za a daina buɗe shi. Na uku shi ne na kwamitin rijiya, mutum bakwai zuwa tara. Tun ƙarshen 2022 WhatsApp yana da tsarin da ya kira Communities, wanda ke haɗa irin waɗannan zauruka a ƙarƙashin inuwa ɗaya tare da ɗakin sanarwa.

Wurin zaɓen kwamiti ake yawan yin kuskure. Akan cika shi da masu muƙami da masu kuɗi da ke zaune a birni, mutanen da ko waya ba sa samun sararin ɗagawa. Ku bar su a matsayin iyayen ƙungiya, za a buƙace su ranar neman gudummawa. Kwamiti yana buƙatar wanda yake kwana a garin kuma zai iya takawa zuwa wurin, da wanda ya san masu gyara, da ma'aji, da marubuci, da wakilin hedimasta, da mace aƙalla ɗaya, tunda mata da yara ne suka san ranar da ruwan ya ɗauke da inda ake zuwa nemansa yanzu.

Sannan “a gyara rijiya” buri ne, ba a iya ɗora shi a wuyan kowa. Abin da ake iya ɗorawa shi ne: wane zai kai masu gyara biyu su duba kafin Asabar, kowanne ya rubuto ƙiyasinsa. Shin injin da ke cikin rijiyar ne ya ƙone, ko farantan sola aka sace, ko tanki ne ya tsage, ko ruwan ne ya yi ƙasa? Kuɗin waɗannan ya sha bamban ƙwarai, kuma babu mai buɗe aljihunsa ga aikin da ba a san farashinsa ba. Kowane aiki ya zo da suna ɗaya da rana ɗaya.

Idan za ku yi ƙuri'a a cikin zaure, ku lura da abu biyu. Ana ganin wanda ya zaɓi kowane abu, don haka ba ta dace da zaɓen shugabanni ba, inda kunya za ta sa mutum ya bi yayansa ko maigidansa. Kuma sai an kashe maɓallin da ke ba mutum damar zaɓar amsa fiye da ɗaya, in ba haka ba lissafi ya cakuɗe. Duk shawarar da aka yanke, marubuci ya taƙaita ta a layi biyar, a kafe ta a saman zauren, ya kuma shigar da ita littafi. Kafewar ba ta wuce kwana 30, kuma ranar da waya ta faɗa ruwa, littafin ne zai raba gardama.

Na tara kuɗin asibiti, yanzu ana yi da ni

*Mu tsofaffin ɗaliban wata makarantar 'yan mata ne. Ɗaya daga cikinmu ta kwanta, likita ya ce sai an yi mata aiki. Na ba da lambar asusuna aka tara kuɗi, aka yi aiki lafiya. Yanzu wasu na cewa abin da suka ƙirga a zaure ya fi abin da na bayyana. Wallahi ban ci ko kwabo ba. Ta yaya zan wanke kaina, kuma yaya za mu yi gaba?*
*Wata Hajiya, Kaduna*

Allah Ya saka miki, Hajiya, Ya ƙara wa 'yar'uwarku lafiya. Irin wannan saɓanin lissafi yana faruwa ko da babu wanda ya ci komai, kuma kusan kullum daga wuri huɗu yake fitowa.

Na farko, alkawari. Wata ta rubuta “na ba da 20,000”, aka yi ta mata addu'a, masu ƙirge suka rubuta, ita kuwa nufinta in albashi ya shigo. Na biyu, hoton rasit. Ana iya turo hoton tura kuɗi alhali kuɗin sun maƙale a hanya sun koma wa mai su, ana kuma iya haɗa hoton na bogi. Na uku, mai POS. Wadda ta je shagon POS ta biya, kuɗinta zai shigo da sunan mai shagon, sai ki ga wani suna da ba ki sani ba a asusunki, ita kuma ta ce ba a rubuta ta ba, ko a rubuta ta sau biyu. Na huɗu, asusunki ne na yau da kullum: kuɗin cefane da na makarantar yara da cajin banki duk sun gauraya da na gudummawa.

Rantsuwa a zaure ba za ta kashe maganar ba. Ki karɓi takardar bayanan asusu daga banki, daga ranar da aka buɗe neman taimako zuwa ranar da aka rufe. Ki nemi zauren ya zaɓi mata biyu, kuma ki roƙa ɗaya ta kasance daga cikin masu ƙorafin. Ku zauna ku bi layi-layi: kwanan wata, sunan da ya fito, adadi, da wadda ta ce ita ta tura. Abin da ya shafi harkokinki na gida su biyun kaɗai za su gani, ba a tura takardar cikin zaure. A ɗaya gefen ku jera rasitan asibiti da na magani da na gwaji. Su ne za su sanar da sakamako da bakinsu. Idan an ga giɓi na gaskiya, ko na Naira 2,000 ne, a faɗe shi a faɗi dalilinsa.

Don gaba, kada kuɗin jama'a ya sake shiga asusun da mutum ke harkarsa da shi. Mafi sauƙi shi ne asusun haɗin gwiwa na mutum biyu ko uku, da sharaɗin ba a fitar da kuɗi sai biyu sun sa hannu. Wannan yakan jawo jinkiri, wani bankin ma ba zai ba ku katin cire kuɗi a kansa ba, amma jinkirin shi ne tsaron. Ku tambayi matakin asusun kafin ku raba lambarsa: asusu na matakin farko, irin wanda ake buɗewa a waya cikin minti biyar, ba ya riƙe fiye da Naira 300,000, kuma da ya cika sai kuɗin mutane su riƙa komawa ba ku sani ba. Idan ƙungiyar za ta daɗe tana irin wannan aiki, ku yi mata rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi a matsayin ƙungiya mai amintattu. Za a nemi kundin tsarinku da bayanin taron da aka zaɓi amintattun, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ja. Banki kuma yakan nemi takardar SCUML, sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, kafin ya buɗe asusu da sunan ƙungiya. Masu cewa a buɗe GoFundMe, shafin tara gudummawa a intanet, su sani ba a cire kuɗinsa kai tsaye zuwa asusun Najeriya, sai ta hannun wani da ke ƙasar da shafin ke aiki, wanda shi ma wata amanar ce da sai an rubuta ta.

Wadda ke riƙe da kuɗi daban, wadda ke rubuta lissafi daban. Kowane dare ko kowane mako a fitar da jeri ɗaya: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Ba a sa suna a jerin sai an ga kuɗin a asusu. Mai son a sakaya sunanta a rubuta “baiwar Allah” da adadinta da ranar, don ta gane kanta. Kuɗin aiki a biya shi a asusun asibitin a karɓi rasit.

Abu uku kuma a yanke su tun kafin kwabo ya shigo. Nawa ake nema, kuma wace rana za a rufe? Idan an samu rara, ko Allah Ya yi wa maras lafiya rasuwa kafin a kashe kuɗin, ina za su tafi, ga iyali ko asusun ƙungiya? Idan wata ta ce nata zakka ce, a ware ta, don zakka tana da waɗanda aka ambata a ba, ku tambayi malamai kafin ku haɗa ta da sauran. Takardar neman taimakon kuma a rubuta kwanan wata da ranar rufewa a jikin hoton, ba a ƙarƙashinsa ba. Irin waɗannan hotuna sukan yi shekaru suna yawo, wani ya goge lambar asusun ya sa tasa. Hoton maras lafiya a kan gado kuwa, in ba da yardarta ba, bai kamata ya fita ba sam.

An ƙwace WhatsApp ɗin shugabanmu

*Muna da zaure na 'yan kasuwa masu ɗauko kaya tsakanin Maraɗi da Kano. Wani ya kira shugabanmu ya ce za a yi taron ƙungiya ta waya, ya karanto masa lambar shiga da aka turo masa. Yana karantawa WhatsApp ɗinsa ya rufe. Kafin yamma an bi mutanenmu ɗaya-ɗaya da sunansa ana neman rance. Mutum uku sun tura.*
*Wani ɗan kasuwa, Maraɗi*

Alhaji, Allah Ya mayar da alheri. Lambobi shidan nan ba na wani taro ba ne. Su ne WhatsApp ke turo wa mai layi idan ana son buɗe asusunsa a wata waya. Ɓarawon ya sa lambar shugabanku a wayarsa, saƙon ya zo wa shugaban, shi kuma ya miƙa da bakinsa. Babu taro, babu tallafi, babu ma'aikacin kamfani da ke buƙatar waɗannan lambobi.

Tunda layin yana hannun shugaban, ya sake buɗe WhatsApp ya sa lambarsa, ya nemi sabbin lambobi shida ta saƙo ko ta kira. Yana shigar da su, ɓarawon ya fita. Cikas ɗaya ne: idan ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirri ta mataki na biyu, sai an jira kwana 7 kafin a shiga ba tare da ita ba. Ko a hakan, shigar da lambobin saƙon yana fitar da ɓarawon, don haka kada a yi jinkiri.

A lokacin, sauran masu kula da zauren su cire lambar, su sabunta mahaɗin gayyata don tsohon ya mutu, su yi saƙon murya da muryar da kowa ya sani. Amma idan shugaban ne ya buɗe zauren da hannunsa, sauran admin ba sa iya cire shi, shi kuwa ɓarawon yana iya cire su. A nan sai dai a buɗe sabon zaure, kuma wannan ba ya yiwuwa cikin sauri sai in akwai jerin lambobin mambobi a rubuce a wani wuri. Waɗanda suka tura kuɗi su je bankinsu ko wurin da suka tura a ranar, da shaidar turawa, su kuma kai rahoto ga 'yan sanda. Kowace sa'a da ta wuce tana rage yiwuwar a tsare kuɗin.

Yau ɗin nan kowane admin ya shiga saitin asusu ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya sa lambobi shida da ba shekarar haihuwarsa ba, ya haɗa da imel. Ya duba jerin na'urorin da aka jona da asusunsa, ya fitar da wadda bai sani ba, musamman in yakan bar wayarsa a buɗe wurin mai caji. Ku kuma kafa doka: duk wanda ya nemi kuɗi a rubuce, ko shugaba ne, sai an kira layinsa kira na yau da kullum an ji muryarsa.

Maudu'inmu ya yi tashe, asibitin yana nan yadda yake

*An fara gina ƙaramin asibiti a mazaɓarmu aka watsar da shi a matakin linta. Mu ɗalibai muka ƙirƙiri maudu'i a X da Facebook, kwana biyu ana ta yaɗawa, har manyan shafuka suka ɗauka. Wata uku ke nan ko bulo ɗaya ba a ƙara ba. Shin gangamin intanet yaudarar kai ne?*
*Ɗalibi, jihar Jigawa*

Ba yaudara ba ne, ɗan'uwa, amma kun yi kashi ɗaya cikin huɗu na aikin kuka tsaya. Duba gangami biyu da suka kai ga biyan buƙata a ƙasar nan.

A 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Zamfara, saboda niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. An tsabtace wasu ƙauyuka, aka bar Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka tana jiran kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ce ba amfanin fara magani matuƙar yaro zai koma wasa cikin ƙasa mai guba. Gangamin #SaveBagega, wanda Hamzat Lawal da abokan aikinsa na Follow The Money, shirin bibiyar kuɗin gwamnati, suka ja, bai tsaya kan “a taimaki Zamfara” ba. Buƙata ɗaya ce: a saki kuɗin da aka riga aka yi alkawari, kuma an san teburin da takardar take. Sun je ƙauyen, sun ɗauko hotuna da muryoyin mutanen, sun haɗa kai da ƙungiyoyi da 'yan jarida. A farkon 2013 aka saki kuɗin, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar, aka fara yi wa yara magani.

Na biyu shi ne #NotTooYoungToRun, gangamin neman rage shekarun tsayawa takara. Kowa ya ga maudu'in, amma abin da ya ci shekara biyu shi ne bin ƙudirin a Majalisar Tarayya tun 2016, sannan bin majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya, domin gyaran tsarin mulki sai jihohi 24 cikin 36 sun amince. Ranar 31 ga Mayu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu, shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da na jihohi daga 30 zuwa 25.

To ku koma kan naku. Aikin wa ne? Mutane da yawa sukan yi ta ambaton gwamna a kan aikin da na ɗan majalisar tarayya ne, ko su zagi ciyaman a kan kwangilar wata ma'aikatar Abuja. Allon da aka kafa a bakin ginin, in bai faɗi ba, yana ɗauke da sunan ma'aikatar da ta ba da aikin da na ɗan kwangila. Ku ɗauki hotonsa. Idan aikin mazaɓa ne na tarayya, yana cikin kasafin kuɗin shekarar da aka sa shi, da adadinsa. Shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana bibiyar irin waɗannan ayyuka, hukumar ICPC ma tana da shirin bin diddiginsu tun 2019, kuma ana kai mata ƙorafi a rubuce.

Daga nan sai takarda. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambayar ma'aikata a rubuce, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma ba ma'aikatar kwana 7 ta amsa. Ku tambayi abu huɗu kawai: nawa ne kuɗin kwangilar, wa aka ba, nawa aka biya zuwa yau, yaushe ya kamata a gama. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya. Wannan hatimi ya fi sharhi 5,000 nauyi, domin da shi za ku ce yau kwana 20 ba amsa, kuma ɗan jarida zai iya ɗaukar wannan ya yi labari.

Hotunan ginin ku riƙa ɗauka daga kusurwa ɗaya duk wata. Ku aika wa juna su a matsayin fayil, don turawa ta hanyar da aka saba tana rage ingancin hoto tana goge bayanin ranar da aka ɗauka. Ku shigo da mai unguwa da limami da kwamitin lafiya na mazaɓa da ungozoma, wadda za ta iya faɗin nisan da mai naƙuda ke yi kafin ta kai asibiti. A Jigawa, minti goma a shirin rediyo da ake buga waya ya fi kai wa kunnen masu mulki fiye da kwana biyu a X. Maudu'in ku ajiye shi don ranakun da ke da dalili: ranar cikar wa'adin amsa, ranar da ɗan majalisa ya zo gida, lokacin kare kasafi.

A kula da harshe. “An ware kaza, an biya kaza, ga hoton ginin yau” magana ce da za ku iya karewa ko'ina. “Wane ɓarawo ne” kuwa tana iya kai mutum ofishin 'yan sanda. An sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, kuma duk da gyaran da aka yi masa a 2024, ɓata suna yana nan a matsayin laifi a dokokin jihohin Arewa.

Saƙon murya ya tashi ƙauye

*Muna da zauren tsaro na ƙauyuka biyar. Ranar nan wani ya turo murya cewa an ga 'yan bindiga sun nufo mu. Mata da yara suka kwana a daji, ashe muryar ta bara ce, daga wata jiha. Idan muka hana turawa kuma, muna tsoron ranar gaskiya.*
*Wani malamin makaranta, jihar Sakkwato*

Tsoronka yana kan hanya, Malam, don haka ba hanawa za a yi ba, sharaɗi za a sa. Duk mai ba da labarin tsaro ya yi da muryarsa, ya fara da sunansa, da inda yake tsaye, da rana da lokaci, sannan ya ce da idonsa ya gani ko gaya masa aka yi, kuma wa ya gaya masa. Muryar da ta fara da “jama'a a yi hattara” ba suna ba rana, ita ce ke dawowa duk shekara. Saƙon da ke ɗauke da alamar an turo shi daga wani wuri, balle mai kibiya biyu da ke nuna ya bi hannu da yawa, admin ya goge shi ga kowa nan take, ya bincika, in ya tabbata ya dawo da shi da bakinsa.

Kowane ƙauye ya ba da mutum biyu da za a kira a tabbatar. Kira biyu zuwa ƙauyen da aka ambata ba ya cin minti biyar. Hoto kuma a sa shi a manhajar binciken hoto ta Google Lens, sau da yawa zai nuna inda ya taɓa fitowa da shekarar. Idan labari ya zama ƙarya, a ƙaryata shi da murya, da Hausa, a duk zaurukan da ya shiga, don wanda ya ji da kunne ba lalle ya karanta gyaran da aka rubuta ba. Masu shekaru za su tuna daren Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da aka yi ta tashin mutane a waya a ce su yi wanka da ruwan gishiri su sha. Daga 'yan'uwa da masoya saƙon ya zo wa kowa, kuma ya kwantar da mutane a asibiti.

Abu biyu kada su shiga zauren ko da gaskiya ne. Kada a ambaci sunan wani ko ƙabilarsa a ce shi ne mai kai rahoto ga ɓarayi. Irin wannan zargi a kai shi ga hakimi da jami'an tsaro a asirce, domin a zaure yana iya sa a kashe mutum kafin a bincika. Kada kuma a rubuta inda 'yan sa-kai za su kwana ko ranar da wani zai dawo daga kasuwa da kuɗin shanu. Zaure mai mutum 200, ba ka san a hannun wa kowace waya take kwana ba.

Mu da ba mu da babbar waya fa?

*Jikana ne ya rubuta mini wannan. Yaran unguwarmu sun yanke a waya cewa kowane gida zai ba da kuɗin gyaran taransifoma. Ni ban ji ba sai da aka zo karɓa.*
*Wani dattijo, Zariya*

Baba, gaskiyarka ce, kuma ga amsar ga yaran. Abin da zai taɓa aljihun kowane gida ba a gama shi a zaure. Masu ƙaramar waya, da matan da ba a sa su ba, da wanda datarsa ta ƙare a makon, duk ba su ji ba, kuma galibi su ne suka fi daɗewa a unguwar. Zaure ya tattara shawara da ƙiyasi, sannan a sanar a masallaci bayan sallah, a gaya wa mai unguwa, a ba da kwana uku ko mako kafin a fara karɓa. Kowane layi a sa mutum ɗaya da zai bi gidajen da ba sa zauren, da wata mace da za ta shiga cikin gida ta gaya wa mata.

Wannan tsari yana da wani amfanin. A Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara na tsawon makonni, an kuma rufe Twitter, wato X a yanzu, a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Unguwar da ke da jerin gidajenta a littafi, da wakili a kowane layi, da sanannen wurin haɗuwa, za ta ci gaba da harkarta ko babu sabis. Kuɗin taransifoma kuma, kafin a karɓi na kowa, a rubuta wa kamfanin rarraba wuta a karɓi shaidar sun gani, domin gyaran kayansu a ƙa'ida nauyinsu ne. Idan unguwa ta zaɓi ta biya don ta gaji da duhu, a yi yarjejeniya da kamfanin a rubuce, kuma kowane gida a ba shi rasit.